Yadda Ake Cefanen Kayan Lambu da 'Ya'yan Itatuwa a Kasuwar Manoma, Kowane a Kakarsa

Tambayar da aka fi yi mini a 'yan watannin nan ɗaya ce, sai dai kowa da yadda yake kawo ta. Wani ya ce ya je kasuwar manoma ya cika kwando, bayan kwana uku rabin kayan ya tafi bola. Wata ta ce ta sayo abarba ta ajiye mako guda tana jiran ta yi zaƙi, ƙarshe ruɓewa ta yi. Wani kuma ya ce shi dai bai ga arahar da ake ta faɗa ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da bai taɓa samuna ba, shi ya sa na zauna na jera aikin daki-daki, tun daga daren jajiberin kasuwa har ranar da za a cinye na ƙarshe a kwandon.

Kasuwar da nake nufi ita ce wadda mai gona yake kawo abin da ya noma ya sayar wa mai ci hannu da hannu. Galibi mako-mako take ci, kuma 'yan awoyi ne a watse. Abin da ka ɗauko yau shi zai kai ka kasuwa mai zuwa, don haka dole ka saya da lissafin kwanaki.

1. San kakar da ake ciki

Kada ka kwafo jadawalin watanni daga intanet ka ɗauka naka ne. Duniya ba ta da kalandar kaka guda ɗaya. A Turai da Amurka ta Arewa ana tsinkar tuffa tsakanin Agusta da Oktoba, a Afirka ta Kudu kuwa tsakanin Fabrairu da Afrilu, saboda lokacin zafin can shi ne lokacin sanyin nan. A ƙasashe masu zafi damina da rani da noman ban-ruwa ne ke yanke hukunci. Ko a ƙasa ɗaya, mai gona a kan tudu da mai gona a kwari ba sa girbi rana ɗaya.

Abin da ba ya canzawa shi ne halin shukar. Kabeji, latas, karas da farin kabeji sanyi suke so, zafi ya yi yawa sai latas ya yi tsiri ya yi ɗaci. Tumatir, tattasai, kokwamba, kubewa, yalo da kankana 'yan ɗumi ne. Idan ka riƙe wannan, ka riga ka san rabin abin da za ka tarar.

Sauran rabin kasuwar ce za ta gaya maka. Abu yana kakarsa idan ka gan shi a rumfuna da yawa lokaci guda, kuɗinsa yana sauka mako bayan mako, ƙamshinsa kuma yana tarar ka tun kafin ka isa. Kowace kaka tana da goshi, da tsakiya, da wutsiya. Sabon shiga tsada ne da shi, kuma sau da yawa an yi gaggawar tsinko shi don a riga wasu kai wa kasuwa. Na wutsiya yana da araha amma ba ya jure ajiya. Tsakiya ita ce taka, a nan daɗi da araha suke haɗuwa, a nan kuma ya kamata ka yi sayen da za ka adana.

Shawarar da na fi ba kowa: ka riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya cika kasuwa, layi biyu kawai duk mako. Shekara na zagayowa kana da kalandar da ta fi kowace dacewa da inda kake.

Gargaɗi: ba duk abin da ka gani a bayan lokacinsa ne abin zargi ba. Albasa, kabewa, tafarnuwa da dankali suna yin watanni a rumbu lafiya lau. Wasu manoman kuma suna noma a rumfar leda ko ta gilashi, su samu amfani a lokacin da maƙwabtansu ba su da shi. Ka tambaya kafin ka yanke hukunci.

2. Yi lissafi tun da dare

Buɗe firiji da kwandunan kicin ka ga abin da ya rage. Yawancin ɓarna daga nan take farawa, mutum ya sayo sabon karas alhali tsohon yana ƙasan aljihun firiji yana yaushi.

Sai ka ƙiyasta yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, wato kaso 5 na giram 80, ban da dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci. Gida mai mutum 5 ke nan kilo 2 a rana, kilo 14 a mako. Wannan mizani ne na inda ake so a kai. Kai ka san mutanen gidanka, ka kuma san ranakun da ba a girki. Ka sayi abin da za a ci da gaske.

Raba lissafin gida uku. Na kwana biyun farko: ganyaye masu laushi, ɗanyar masara, sitiroberi, duk wani abu da ya riga ya nuna tuɓus. Na tsakiyar mako: tumatir, kokwamba, kubewa, koren wake, tattasai, mangwaro da ayabar da suka fara nuna. Na ƙarshen mako har gaba: kabeji, karas, lemu, tuffa, albasa, kabewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cika kwando da kashin farko don shi ya fi ɗaukar ido.

A takardar taka kada ka ɗaure kanka da sunaye. Rubuta "ganye ɗauri biyu, abin zaƙi iri biyu, mai jure ajiya iri uku", ka bar kasuwa ta cike gurbin.

3. Kayan da za ka tafi da su

Jakar yadi mai ƙarfi don kayan nauyi. Kwando ko kwali mai faɗin gindi, marar zurfi, don masu laushi. Roba mai murfi ɗaya ko biyu don ƙananan 'ya'yan da ke saurin fashewa. Tsumma mai tsabta da za ka jiƙa ka rufe ganye. Idan tafiyarka ta haura rabin awa cikin zafi, ka haɗa da kula, wato akwatin riƙe sanyi, da gorar ruwan da ta daskare. Ka tanadi canji, ƙananan kuɗi, ko da a kasuwar ana karɓar kati ko biya ta waya, don ba kowace rumfa ba ce take da wannan. Mai yawan sayen kwando-kwando ya sayi ƙaramin sikelin rataye, ba zai daɗe ba zai fanshe kuɗinsa.

Gargaɗi: jakar da ka taɓa ɗauko ɗanyen nama ko kifi a ciki ba ta ɗaukar abin da za a ci ɗanye sai an wanke ta da sabulu ta bushe.

4. Je da wuri, ka zagaya hannu a aljihu

Da sanyin safiya ake kama fara. Awa ta farko ita ce ta zaɓi, ganye bai sha rana ba, hannaye ba su jagwalgwala tumatir ba. Awa ta ƙarshe ita ce ta rangwame, domin manomi ba ya son komawa gida da kaya, amma abin da aka zaɓe aka bari za ka samu. Idan na teburi kake nema je da safe, idan na dafawa a adana ne je dab da tashi.

Da isarka kada ka sayi komai. Yi zagaye ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kana kallo, kana jin kuɗin kaya. Minti goma ne, kuma su ne minti goman da suka fi kowane amfani a ranar. Rumfar bakin ƙofa ba lallai ita ce mafi kyau ba, ita dai aka fara gani.

5. Gane manomi, gane mai sari

Ba laifi ba ne mutum ya saro ya sayar, amma idan kuɗin sabon tsinka za ka biya, ya kamata sabon tsinka ka samu. Kayan gona ɗaya ba sa zuwa kai ɗaya kamar an buga su a inji: wani babba, wani karkatacce, wani da ɗan tabon rana. Idan ka ga komai girma ɗaya, yana ƙyalli da kakin da aka shafa masa, da 'yar takarda manne a jikin kowane, ga kwalayen kamfani a ƙarƙashin teburi, to wannan kaya ya yi tafiya. Haka idan rumfa ɗaya ta haɗa abubuwan da ba sa fitowa a yanayi guda.

Tambaya huɗu sun ishe ka. Yaushe aka tsinko? Wane iri ne? Yaushe aka yi feshi na ƙarshe? Me zai shigo mako mai zuwa? Wanda ya noma abu ba ya inda-inda, sau da yawa ma sai ya ba ka amsar da ta fi tambayar tsawo. Maganar feshi tana da muhimmanci, domin kowane maganin ƙwari akwai kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira kafin a yi girbi, kuma manomin kirki ya san nasa.

Ka yi tambayar da ladabi, lokacin da rumfar ba ta cika ba. Mutumin nan wataƙila tun kafin asuba yake tsaye. Idan ka dace da na ƙwarai ka riƙe shi, watarana shi zai ce maka "bar wannan, ka dawo mako mai zuwa, bai gama ƙosawa ba."

6. Zaɓe

Nan ne aikin yake, kuma akwai abu ɗaya da in ka san shi ka huta da rabin asara. 'Ya'yan itatuwa kashi biyu ne: masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su, da waɗanda daga ranar da suka bar uwarsu zaƙinsu ya tsaya.

Masu ci gaba da nuna su ne ayaba, mangwaro, gwanda, gwaba, fiya, tumatir da tuffa. Waɗannan kana iya sayensu da sauran ƙarfi, muddin sun ƙosa. Dabara ita ce ka saya hawa-hawa: kaɗan nunannu na yau da gobe, kaɗan masu shirin nuna, kaɗan masu tauri na ƙarshen mako. Idan ka kwaso goma sha biyu duk a mataki ɗaya, rana ɗaya za su nuna maka gaba ɗaya.

Waɗanda ba sa ƙara zaƙi su ne abarba, kankana, lemu da danginsa, inibi da sitiroberi. Abarbar da aka yanko ɗanya za ta yi laushi, bawonta ya canza launi, amma sukarinta ba zai ƙaru ba ko ta shekara a kan teburi. Irin waɗannan a kasuwa ake gama shawararsu.

Kankana: ɗaga ta, ta fi yadda idonka ya zata nauyi. Juya ta ka nemi tabon da ta kwanta a ƙasa. Idan ya yi rawaya-rawaya kamar man shanu, ta daɗe a jikin yaɗonta. Idan fari ne fat ko da ratsin kore, an yi mata sauri. Ƙwanƙwasawa tana taimakawa, amma kunne sai ya saba, tabon nan kuwa ko yaro zai gane shi.

Abarba: kai hancinka gindinta. Ƙamshin zaƙi kake nema. Babu ƙamshi, ɗanya ce. Warin tsami kamar abin da ya kwana, ta wuce.

Lemu: nauyi da santsin bawo, ba launi ba. Lemu yana buƙatar sanyin dare kafin bawonsa ya rikiɗe, shi ya sa a wurare masu zafi za ka samu kore shar a waje, ciki kuwa zaƙi kamar zuma. Wanda ya yi sakayau a hannu ya bushe a ciki.

Mangwaro: shi ma launi yaudara ne, wasu irin ko sun nuna kore suke zama. Duba kafaɗunsa kusa da inda aka tsinko, su cika su taso, ka shinshina wurin. Sa shi a tafin hannu ka ɗan matsa da hannun gaba ɗaya, ya ɗan ba da kai kaɗan.

Tumatir: mai nauyi, fata a miƙe, babu tsaga, ga ƙamshin ganyensa a wajen hancin, wato inda aka tsinko shi. Kubewa: ƙanana, tsawon yatsa, tsininta yana karyewa ƙas. In ya lanƙwashe ta tsufa. Koren wake ma haka. Kokwamba da yalo: tauri daga kai har gindi, ba rawaya. Kabeji: dunƙulalle mai nauyi, inda aka yanke shi fari, ba baƙi-baƙi ba. Albasa: taɓa wuyanta, ya zama a bushe ƙam, domin daga wuya take fara ruɓewa. Ɗanyar masara: rigarta kore, gashinta da ɗan danshi, kuma a ci ta ranar ko washegari, don sukarinta yana komawa sitaci da sauri. Ganye kuwa buɗe tsakiyar ɗaurin za ka yi, a nan ake samun wanda ya yi jagab.

Gargaɗi na farko: kada ka luma babban yatsa a jikin kayan mutane, kada ka karya kubewa ko ka yage rigar masara sai ka nemi izini. Duk inda ka danna, gobe tabo ne, kuma asarar manomin ce.

Gargaɗi na biyu: ana samun masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke amfani da shi. Ƙasashe da dama, ciki har da Indiya, sun haramta hakan saboda dattin guba irin su asenik da ke tare da shi. Alamar da za ta sa ka ja baya: bawo ya yi rawaya, amma babu ƙamshi, ciki da tauri da tsami, ko ka ga ɓurɓushin farar hoda a jiki ko a kwalin.

Gargaɗi na uku: dankalin Turawa da ya yi kore ko ya yi tsiro da yawa ka bar shi. Koren alama ce ta ya sha haske, kuma tare da shi gubar solanin take ƙaruwa, dafuwa ba ta kashe ta.

Kada muni ya hana ka saye. Karas mai ƙafa biyu da tumatir mai ƙusumbi daɗinsu ɗaya da sauran. Rauni, huda da laushin ruɓa su ne abin gudu.

7. Ciniki da awo

A wasu kasuwannin ana tayi, a wasu kuɗin a rubuce yake ba a taɓa shi. Tsaya ka ga yadda na gabanka ya yi. Ko inda ba a tayi, ana samun ragi ta hanya uku: sayen da yawa, sayen dab da tashi, da sayen masu tabo waɗanda manomi ya ware gefe. Tambayi waɗannan na gefen idan dafawa za ka yi a ranar.

In ana sayarwa a kashi ko a ɗauri ko a kwando, mayar da shi kilo a ranka kafin ka kwatanta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sikeli kuwa ya fi shi sani. Ka kuma tuna ba duk abin da aka auna ake ci ba: kusan rabin abarba bawo ne da kambi da zuciya, kankana ma kaso mai yawa nata ɓawo ne, ayaba kuma wajen sulusi.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi kafin ya ɗauki kwando. An ba ka kilo 10 a kuɗin kilo 7, ka ji daɗi. Kafin mako ya ƙare kilo 4 sun lalace. Ka ci kilo 6 a kuɗin kilo 7 ke nan, ka fi wanda ya saya kaɗan-kaɗan biyan tsada. Kwando na wanda ya riga ya ware lokacin sarrafa shi ne, yau ko gobe.

Gargaɗi: kwando sai an ga ƙasansa. Na taɓa ɗauko na tumatir, samansa jawur kamar a yi masa hoto, da na juye a gida sai ga na ƙasa sun fashe, ruwa ya jiƙe takardar da aka shimfiɗa, ƙananan ƙudaje sun riga sun taru. Ba lallai mugunta ba ce, nauyin na sama kaɗai ya isa ya yi wannan. Tun daga ranar nake roƙon a juye mini a kwalina a gabana.

8. Lodi da hanya

Sayi masu nauyi da farko, ganye da masu laushi a ƙarshe, sai lodin ya tsara kansa: kabewa, albasa da kabeji a ƙasa, tumatir da mangwaro a kwali bai wuce hawa biyu ba, ganye a sama da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka ƙulle ganye a leda cikin rana, dahuwa zai yi.

Daga kasuwa sai gida. Motar da aka rufe a rana tana zama tanda cikin 'yan mintuna, kuma awa ɗaya a irin wannan zafi tana cinye kwanaki daga rayuwar latas. Idan kana da wasu aike-aike, ka gama su kafin kasuwa.

9. Awa ta farko a gida

Mutane da yawa suna yin komai daidai, su zo nan su zubar. A dawo a gajiye, a tura jakunkuna firiji yadda suke, sai bayan kwana huɗu a tuna.

Juye komai a kan teburi. Ware duk mai rauni ko tsaga, shi ne abincin yau. Wake ɗaya ke ɓata gari, tumatir ɗaya mai hunhuna kuma ya isa ya harbi na kusa da shi cikin dare ɗaya. Kwance ɗaurin ganye, cire roba ko igiyar, tsince ruɓaɓɓu. Yanke ganyen kan karas, domin yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwar.

Sai rabon wuri. Firiji ya kasance a digiri 4 na ma'aunin Salshiyos ko ƙasa kaɗan. Masu shiga ciki: ganyaye a naɗe cikin tsumma ko takardar goge hannu sannan a leda mai 'yan huji, karas, kabeji, koren wake, masara, inibi, sitiroberi, tuffa.

Masu zama a waje su ne 'yan ƙasar zafi. Ayaba tana jin ciwo idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 13, bawo ya yi baƙi, ɗanyarta kuma ta ƙi nuna har abada. Ɗanyen mangwaro da gwanda da fiya haka suke, sai sun nuna sannan a sa su a firiji na kwana biyu ko uku. Tumatir a inuwa, hancinsa a ƙasa, ba a kan taga mai rana ba. Sanyin firiji yana kashe masa ƙamshi ya bar shi lami, sai dai in ya nuna sosai kana so ka ja masa kwana. Kokwamba, yalo da kubewa suna tsaka-tsaki, a sa su inda sanyin firijin ya fi sauƙi, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. Dankali mai zaƙi ba ya shiga firiji sam.

Albasa, tafarnuwa, kabewa da dankalin Turawa wuri mai duhu, bushewa da iska suke so, a kwando ko buhun raga. Raba albasa da dankali, zamansu tare yana gaggauta lalacewarsu.

Akwai kuma maganar etilin, wata iska marar launi da ayaba, tuffa, tumatir, mangwaro da fiya ke fitarwa idan suna nuna. Ita ce ke sa ganye ya yi rawaya, kokwamba ta yi laushi, karas ya yi ɗaci. Ka nisanta su da juna. Ita ce kuma za ta yi maka aiki idan kana gaggawa: sa fiya ko mangwaro mai tauri a jakar takarda da ayaba nunanniya ɗaya, naɗe bakin, ka riƙa dubawa kullum.

Wanda ba shi da firiji, ko wutarsa ba ta tsayawa, ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa shi safe da yamma, ya rufe da jiƙaƙƙen yadi a inuwa mai iska. Bushewar ruwan ce ke janye zafi, don haka tana aiki sosai a busasshen yanayi, a lokacin danshi kuwa kaɗan take yi.

Gargaɗi: idan hunhuna ta kama abu mai laushi kamar tumatir, sitiroberi ko kokwamba, zubar da shi gaba ɗaya, saiwarta ta shige inda ido ba ya gani. Mai tauri kamar karas da kabeji ana iya yanke wurin tare da santimita 2.5 na kewayensa.

10. Wanki

Kada ka wanke kafin ajiya, danshi abokin ruɓa ne. Wanke lokacin da za a ci. Fara da hannunka, sannan kayan, a ƙarƙashin ruwa mai tsabta mai gudana, kana murzawa. Ban da sabulu, ban da omo. Ganye a zuba shi a babban kwano, a motsa, a tsamo shi sama a bar ƙasar ta kwanta, a canza ruwa har sai ya fita fes. Inda ruwan kansa abin shakka ne, a yi amfani da wanda aka tafasa ya huce ga duk abin da za a ci ɗanye.

Har abin da za a fere sai an wanke, domin wuƙa tana ɗaukar abin da ke kan bawo ta shigar da shi ciki. A shekarar 2011 a Amurka, ƙwayar cutar listeriya da ke jikin wata irin kankana mai kaushin bawo, kantalof, ta kashe mutum 33. Burushi mai tsabta da ruwa a goge bawon kafin a yanka. Abin da aka yanka kuma ya shiga firiji cikin awa 2.

11. Idan kaya ya yi yawa

A tsakiyar kaka za ka so ka ajiye na gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce firiza mai riƙe digiri 18 ƙasa da sifili. Tumatir a markaɗa a dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a huce, a zuba a ƙananan robobi daidai girki ɗaya-ɗaya, a bar ɗan sarari a sama don ƙanƙara tana kumbura. Tattasai da albasa yankawa kawai za a yi. Mangwaro, ayaba da abarba a yanka, a baza a tire su daskare ɗaya-ɗaya, sannan a juye a leda, don kada su dunƙule.

Koren wake, karas, alayyahu da kubewa sai an ɗan tsoma su a tafasasshen ruwa tukuna, in ba haka ba launi da ɗanɗano za su gudu a firizar. Ruwa lita 4 ga rabin kilo. Koren wake minti 3, yankakken karas minti 2, alayyahu minti 2, kubewa minti 3 zuwa 4 gwargwadon girma. Fara ƙirga daga lokacin da ruwan ya sake tafasa. Tsamo, jefa a ruwan ƙanƙara na daidai wannan lokacin, tsane sosai, matse iska daga ledar. Za su riƙe kyawunsu wata 8 zuwa 12.

Shanya tana son busasshiyar iska da rana mai ƙarfi. Yanka siriri, kaurin rabin santimita, baza a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa, rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, ka shigar da shi ɗaki da dare. Kada yawan raguwarsa ya ba ka mamaki: tumatir kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, kilo 10 ba zai ba ka kilo ɗaya cikakke ba. Kayan lambu sun bushe idan suna karyewa, 'ya'yan itatuwa idan sun zama kamar fata ba sa manne wa yatsa. Zuba a kwalba ka rufe, ka riƙa girgizawa kullum har mako guda. In ka ga gumi a jikin gilashin, mayar da shi rana.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka rufe dafaffen koren wake, karas, masara ko kabewa a kwalba ka ajiye a kan kanta don kawai ka tafasa kwalbar a tukunya. Waɗannan ba su da tsami, kuma ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim tana jure tafasar digiri 100, tana bunƙasa inda babu iska. Sai da tukunyar matsi ta musamman da ke kai zafi digiri 116 zuwa 121, tare da bin ƙa'idar lokaci da aka gwada. Tafarnuwar da aka jiƙa a mai ma haka take, firiji za ta shiga, a cinye cikin kwana 4. Gubar nan ba lallai ta yi wari ko ta canza ɗanɗano ba.

Duk abin da ka adana, rubuta sunansa da kwanan wata a jiki kafin ya shiga firiza, don bayan wata biyu markaɗaɗɗen tumatir da na tattasai kama ɗaya suke yi. Sabo ya tafi baya, tsoho ya dawo gaba inda hannu zai fara kaiwa.